Sa'o'in Da Ba Sa Shiga Hisabi: Citta, Nono Da Hidimar Mata A Ƙasar Kachia

Wanda duk ya bi hanyar da ta taso daga Kaduna ta ratsa Kachia a cikin watannin hunturu, ko ya miƙe ya nufi Zonkwa da Kafanchan ko ya karkata wajen Kwoi, ba zai rasa ganin tsagaggiyar citta ba, an baza ta bisa duwatsu da tabarmi da gefen kwalta tana shan iska da rana, ga kuma manyan motoci ana yi musu lodin buhunanta za su Kano ko Legas, inda daga can ake fitar da ita zuwa ƙasashen Larabawa da Indiya da Turai. Nijeriya tana cikin ƙasashe 'yan ƙalilan da suka fi noman citta a duniya, galibin abin da take nomawa kuwa daga wannan yanki na kudancin Kaduna yake fita, wato Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu. In ka zauna da manomin citta ka nemi ya yi maka hisabin shekararsa, zai kawo maka shi tiryan-tiryan: ga kuɗin iri, ga na taki, ga hayar gona in ba tasa ba ce, ga ladan 'yan ƙodagon da suka yi huɗa da shuka da cirar ciyawa da tono, ga kuɗin mota, ga la'adar dillali, sa'an nan ya ɗebe wannan daga abin da ya sayar ya ce maka ga ribarsa. Hisabin nan daidai ne gwargwadon abin da aka zuba a cikinsa. Sai dai akwai wadda ta tashi tun kafin assalatu ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta dafa abincin da 'yan ƙodagon suka ci a gona, ta yi wa yara wanka, ta ba surukarta mai ciwon ƙafa magani, kana ta ɗauki wuƙa ta zauna tsagar citta da goyo a bayanta har la'asar sakaliya. Ita kam ba ta da gurbi a littafin, domin ba a miƙa mata ko kwabo ba, abin da ba a biya ba kuwa idon mai hisabi ba ya ganinsa.

Kada mai karatu ya ɗora wa manomin nan laifin butulci, gama littattafan gwamnatocin duniya ma haka suke. Ma'aunin da ake auna arzikin ƙasa da shi, wato jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta shimfiɗa ƙa'idojinsa a 1953, an gina shi ne a kan abin da ya ratsa kasuwa ko zai iya ratsawa, aka bar girki da wanki da raino da jinyar da ake yi a cikin gida kyauta a bayan shinge. Tun a 1920 wani malamin tattalin arziki na Ingila, Arthur Pigou, ya lura da abin dariyar da ke cikin wannan, ya ce in mutum ya auri mai yi masa aikin gida, arzikin ƙasa ya ragu ke nan a lissafi, alhali tuwon da ake tuƙawa jiya shi ake tuƙawa yau, albashi ne kawai ya faɗi. A 1934 wata Margaret Reid ta kafa wata ƙa'ida mai sauƙin fahimta: duk abin da za ka iya biyan wani ya yi maka, to aiki ne mai samar da amfani, za ka iya biyan mai raino, za ka iya biyan mai wanki, amma ba za ka iya biyan wani ya yi maka barci ba. Aka daɗe ba a kula da maganarta ba, har Marilyn Waring ta ƙasar Niyu Zilan, wadda ta taɓa zama 'yar majalisa, ta tayar da bahasin da littafinta na 1988. Da aka sake gyara ƙa'idojin a 1993, aka yarda a bisa takarda cewa ɗiban ruwa da itace yana cikin abin da ya kamata a ƙirga, amma raino da girki da jinya suka tsaya inda suke. Babban taron mata na birnin Beijin a 1995 shi ya roƙi ƙasashe su riƙa binciken yadda mutane ke kashe sa'o'insu, su kuma buɗe wa wannan aiki littafi na gefe.

Abin da binciken ya fito da shi ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2018 cewa kowace rana ta Allah ana kashe sa'o'i biliyan 16.4 a aikin kula da iyali na kyauta, kwatankwacin mutum biliyan biyu suna aikin sa'a takwas ba lada, kuma kashi 76 cikin 100 na wannan aiki mata ne ke yinsa. A tsaka-tsakin lissafi mace tana ba shi sa'a 4 da minti 25 a yini, namiji sa'a 1 da minti 23. Rahoton ya ce da za a biya waɗannan sa'o'i da mafi ƙarancin albashi, da kuɗin ya kai dala tiriliyan 11, wajen kashi 9 cikin 100 na arzikin duniya baki ɗaya; ya kuma ƙirga mata miliyan 606 waɗanda hidimar gida ta hana su neman aikin kuɗi, maza kuwa miliyan 41. Ƙasar Kolombiya, wadda ta kafa doka a 2010 ta wajabta wa hukumar ƙididdigarta yin wannan lissafi, ta iske darajar aikin ta kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na arzikinta.

Sa wa irin wannan aiki farashi fa yana da tasa mushkila. Hanya ɗaya ita ce a tambayi abin da za a biya bare in shi aka ɗauko ya yi. Ɗayar kuwa a tambayi abin da matar za ta samu da ta fita ta yi sana'arta a waɗannan sa'o'i. Ta farko tana rage darajar aikin, domin 'yar aiki da mai raino suna cikin waɗanda aka fi ƙwara a lada ko'ina. Ta biyu kuma tana kai mu ga hukuncin da hankali ba zai karɓa ba, cewa tuwon da malamar asibiti ta Kafanchan ta tuƙa wa 'ya'yanta ya fi na mai tsagar citta ta ƙauye tsada ninkin ba ninki, ko da da gari ɗaya da kuka ɗaya aka yi su. Saboda haka ni a ganina fa'idar waɗannan manyan alƙaluma ita ce su farkar da mai gyangyaɗi, iyakarta ke nan. Aikin da ya fi amfani shi ne wanda masana ke yi da abin da suke kira samfurin lissafi.

Samfurin lissafi ba wani sihiri ba ne. Masani zai tattara sassan tattalin arzikin ƙasa, noma da fatauci da masana'antu da aikin gwamnati, ya rubuta a alƙaluma yadda kowane ke saye daga wani yana sayar wa wani, da yawan ma'aikata da jarin da kowane ke ci, ya zuba a kwamfuta. Sa'an nan ya taɓa abu ɗaya, kamar ya ɗaga farashin citta ko ya janye tallafin mai, ya duba yadda sauran za su motsa. Wanda ya taɓa zama gaban malamin fara'ili ana rabon gado zai gane haɗarin da ke nan: in aka manta da magaji ɗaya tun wajen ƙirga magada, to kome ƙwarewar malamin a tarawa da rabawa, rabon kowa sai ya fita ba daidai ba. Tsofaffin samfura sun ɗauki lokacin macen da ba ta aikin albashi a kan lokaci ne zaunanne, wanda za a iya ɗiba a zuba a gona ko masaƙa ba tare da an rasa kome ba. A shekarar 2000 wasu masana biyu, Marzia Fontana da Adrian Wood, suka gina samfuri ga ƙasar Bangaladash, inda mata suka cika masana'antun ɗinkin tufafin da ake fitarwa waje, suka ƙara masa sassa biyu da ba a saba sa wa ba, wato hidimar gida da hutu, suka kuma ɗaure shi da sharaɗin da kowa ya sani amma lissafi ya manta, cewa yini da dare sa'a 24 ne ga mace kamar yadda yake ga namiji. Da suka bunƙasa cinikin tufafi a cikin samfurin, sai albashin mata ya tashi, amma sa'o'in da suka ƙara a masana'anta suka fito daga hidimar gida da kuma hutunsu. Daga baya wani rukunin masana a Jami'ar Amurka da ke birnin Washinton, a ƙarƙashin jagorancin Maria Floro, suka faɗaɗa wannan hanya, aka gina irin waɗannan samfura ga Koriya ta Kudu da Kolombiya.

To, mu ɗauko wannan tunani mu kawo shi Kachia. A ƙaddara citta ta yi tsada shekara biyu a jere, maigida ya ƙara faɗin gona. Hisabin kasuwa zai ce alheri ya sauka, kuma ya sauka ɗin. Amma citta amfanin gona ce mai cin hannu: ana rufe ta da ganye bayan shuka, ana cire mata ciyawa da hannu don kada fartanya ta sare ta, in an tono kuma sai an wanke an tsaga an shanya ana juyawa, kuma kaso mai yawa na wannan yana hannun mata. Sa'o'in da aka ƙara ɗin nan daga ina za su fito, tun da rafi bai matso kusa ba, itace bai daina nisa ba, jariri kuma bai san farashin citta ba? Ƙofa uku ce kawai. Ko su fito daga barcin matar da lafiyarta. Ko daga ingancin kulawar, a rage yawan shayarwa, a ba yaro ɗumamen jiya, a ɗaga zuwa awo ko rigakafi sai wani mako. Ko kuwa a juye nauyin a kan wata macen, galibi 'yar fari, wadda za a ce ta zauna gida yau ta riƙe ƙanenta, gobe ma haka, har zangon karatu ya wuce. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2016 cewa 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna kashe lokacin da ya ɗara na 'yan'uwansu maza da kashi 40 cikin 100 a aikin gida. Nan ne rashin daidaito yake sake haihuwar kansa, domin yarinyar da aka cire daga aji don uwarta ta samu ta yi ƙodago, ita ce gobe za ta rasa takardar da za ta ba ta aikin da ya fi ƙodago.

In aka juya al'amarin ma nauyin bai sauka daga kansu ba. A daminar 2023 wata cuta ta auka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ganye ya ƙone, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa suka rasa amfani har da irin baɗi. A 2023 ɗin kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na niƙa suka hau. Gidan da kuɗi ya yanke masa yakan koma yin abin da dā yake saye: wadda ke kai hatsi inji ta koma turmi, mai girki da gas ko kananzir ta koma itace, majinyacin da dā za a kwantar a asibiti a dawo da shi ɗaki, wata ta kwana a kansa. Ma'aunin arzikin ƙasa zai nuna an yi asarar citta buhu kaza, amma ba zai nuna wanda ya shanye girgizar ba. Haka kuma duk garin da rikici ko masu garkuwa da mutane suka taɓa a wannan yanki, bayan an ƙirga rayuka da gidaje, akwai sauran hisabin marayun da aka raba wa gwaggo da inna, da raunanan da za a yi shekaru ana ɗagawa ana kwantarwa.

Akwai wani kuskure na biyu da tsofaffin samfura suka yi, wanda Bahaushe zai gane shi nan take. Gary Becker na Jami'ar Shikago, wanda ya yi ƙoƙarin shigar da lokaci cikin lissafin tattalin arziki a 1965, ya ɗauki gida a kan aljihu ɗaya ne da buri ɗaya, maigida yana rabawa bisa maslahar kowa. A ƙasar Hausa kuwa dukiyar miji dabam, ta mata dabam, ta kishiya dabam. Mace takan ba mijinta rance ta kuma bi shi bashinta, takan sayar masa da man gyaɗan da ta matsa, tana da akuyarta da adashinta da kayan ɗakin da take tara wa 'yarta. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta rubuta a kan wannan ɓoyayyen ciniki da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, Enid Schildkrout kuma ta nuna a Kano a shekarun 1970 cewa ƙafafun wannan ciniki yara ne masu talla, abin da ya sa shigar yarinya makaranta yakan zama asara ga jarin uwarta. Christopher Udry, wanda shi ma ya yi bincike a ƙauyukan Zariya, ya auna gonaki a Burkina Faso ya buga sakamakon a 1996: a cikin gida ɗaya, da amfani iri ɗaya, a shekara ɗaya, gonar mace tana ba da abin da ya gaza na namiji da kimanin kashi 30 cikin 100, domin taki da hannun aiki gonar maigida suke fara zuwa. Da aljihun ɗaya ne, da ba a yi haka ba.

Hujja mafi kusa da mu kuwa a nan ƙasar aka samo ta. A farkon shekarun 1980 wata cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, mai hedikwata a Adis Ababa, ta yi aiki a Kurmin Biri cikin makiyayar Kachia da kuma Abet kusa da Zonkwa, a cikin ma'aikatanta kuwa akwai Ann Waters-Bayer, wadda ta bi matan Fulani zaunannu daga ruga zuwa kasuwa, ta buga littafinta a 1988. Ta iske cewa ko da yake shanu a hannun maza suke, madara in ta shiga ƙwarya ta zama ta mace: ita ke yanke abin da za a sha a gida da abin da za a sayar, ita ke kaɗawa ta fid da man shanu, ta dama fura, ta ɗauka a ka ta kai kasuwa, kuɗin kuma nata ne. Masu tsara zamanantar da harkar madara a lokacin suna kallon saniya da lita ne kawai, suna so a riƙa tattara ɗanyar madara a kai masana'anta. Ita kuwa ta yi gargaɗin cewa in aka bi ta hannun masu garke, kuɗin da ke shiga ƙwaryar mace zai koma aljihun namiji, ga shi kuma nono da fura sun fi kawo mata kuɗi bisa farashin da masana'anta ke bayarwa. Samfurin da ya ɗauki ruga a kan aljihu ɗaya zai ce ba abin da ya canja. Yau da kamfanonin madara suka sake waiwayar rugage a jihar Kaduna, tambayar tana nan daram: sunan wa ake rubutawa a takardar biya?

Wani zai ce duk wannan bidi'a ce ta Turawa, a sa wa ladan aure farashi. Amma fuƙaha'unmu sun riga masana tattalin arziki shiga wannan mas'ala da ƙarnoni, kuma sun yi mata tahƙiƙi mai zurfi. Suratu Ɗalaƙ ta tabbatar wa matar da aka saka ujurar shayar da ɗan mijin da ya sake ta, wanda ke nuna shari'a ta san shayarwa aiki ne mai ƙima. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a babin nafaƙa na Muhtasar na Shehu Halilu, in mace tana cikin waɗanda ake yi wa hidima kuma mijin yana da hali, wajibi ne ya samo mata mai aiki. In ba haka ba hidimar cikin gida tana kanta, amma aka togace saƙa da kaɗi, masu sharhi suka ce domin su neman kuɗi ne, neman abin nafaƙa kuwa a wuyan miji yake. Malaman Shafi'iyya ma sun tafi a kan cewa hidimar gidan kanta ihsani ce daga gare ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci alhali suna ɗora musu girki da wanki. A ƙasar Maroko kuma, a ƙarni na 16, wani mufti na ƙasar duwatsu mai suna Ibnu Ardun ya ba da fatawa cewa matan ƙauye masu aikin gona tare da mazajensu suna da rabo a cikin abin da aka tara. Malaman Fas suka yi jayayya da shi, amma aka ci gaba da aiki da irin wannan hukunci a wasu yankuna, har dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta umarci alƙali ya duba wahalar da kowane ɗaya daga ma'aurata ya zuba wajen haɓaka dukiyar gida. Ko tsagar citta ta sayarwa tana bin hukuncin saƙa da kaɗi, wannan ƙiyasi ne da na bar wa ma'abotansa. Abin da nake nufi kawai shi ne tambayar ba baƙuwa ba ce. A majami'un kudancin Kaduna ma, ƙungiyoyin zumuntar mata su ke ɗauke da gaisuwar marasa lafiya da girkin biki da na makoki, aikin da babu wata ma'aikatar jin daɗin jama'a da za ta iya biyansa.

Me lissafin ya nuna game da magani? A nan sakamakon bai zo bai ɗaya ba, kuma gara a faɗe shi yadda yake. Taryn Dinkelman ta bi ƙauyukan KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu da aka ja wa wutar lantarki, ta iske a bincikenta na 2011 cewa yawan mata masu aikin kuɗi ya ƙaru da wajen 9 a cikin kowace 100, domin an rage neman itace, an kuma samu damar ƙananan sana'o'i a gida. A unguwar Korogocho ta birnin Nairobi aka ba iyaye mata takardar kai yara gidan raino kyauta, masu aiki a cikinsu suka ƙaru da 8.5 a cikin 100. A Turkiyya wani samfuri na 2015 ya gwada zuba kuɗi daidai wa daida a gine-gine da kuma a makarantun raino, ya nuna na raino zai samar da ayyuka fiye da ninki biyu, kusan kashi uku cikin huɗu kuma na mata. Amma a birnin Tanja na Maroko, da aka taimaka wa gidaje suka ja famfo, lokacin da aka tsira da shi bai koma neman kuɗi ba. Ya tafi ga hutu da zumunci, rigima da maƙwabta a kan ruwa ta ragu, mutane suka ce sun fi jin daɗin zamansu. Wasu masu tsare-tsare sukan karanta wannan da ɓacin rai. Ni ban ga abin ɓacin rai ba, domin matar da ta yi shekara ashirin ba ta san barcin rana ba, in famfo ya ba ta sa'a guda ta kishingiɗa, ba a yi asarar bututu ba.

Abin da na fahimta daga wannan duka shi ne, a ƙasa irin Kachia rijiyar burtsatse mai aiki, da injin niƙa a kusa, da murhu mai cin itace kaɗan, da ɗakin shan magani da ba sai an yi tafiyar yini ba, da inuwar da wata dattijuwa za ta riƙe yaran unguwa a lokacin tono da tsaga a biya ta, duk jari ne na noman citta daidai da taki da hanya, kuma a babin tattalin arziki ya kamata a rubuta su cikin kasafin kuɗi, ba a babin tausayi ba, inda almakashi ke fara sauka in kuɗi ya gaza. Gwamnatin jihar Kaduna ta ƙara hutun haihuwa ga ma'aikatanta mata zuwa wata shida a 2019, gwamnatin tarayya kuma ta amince wa ma'aikata maza da hutun kwana 14 a 2021. Abin yabo ne, amma dokar hutu tana isa ne ga mai takardar albashi, mai ƙodago da mai tallar nono kuwa ranar da ba su fita ba, ba su samu ba.

Saura batun maza, wanda samfuri ya fi gazawa a kansa, domin kwamfuta tana iya lissafa abin da zai faru in miji ya karɓi sa'a ɗaya daga aikin gida, amma ba ta iya sa shi ya karɓa, balle ta hana abokansa kiransa mijin-ta-ce. Ƙungiyar Ƙwadago ta ƙiyasta cewa in aka ci gaba da tafiyar da ake yi, sai an shekara 210 kafin gibin da ke tsakanin maza da mata a wannan aiki ya rufe. Ba kuwa a ce maza ba sa taɓa kome ba: su ke goya majinyaci a babur cikin dare, a gidajen kulle kuma samari da 'yan ga-ruwa ke kawo ruwa, maigida ke cefane. Buhari ma ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana hidimar iyalinsa a cikin gida, hadisin da aka fi jinsa a wa'azin aure bisa ganinsa a madafa.

Wanda zai gina wa wannan ƙasa samfuri na gaskiya dole ya fara da sanin cewa matan Kachia ba iri ɗaya ba ne. Matar Adara ko Bajju ko Ham ko Kuturmi da ke shiga gona da fartanyarta, da Bahaushiyar cikin gari mai sana'a a tsakar gida wadda ke sayen ruwa da itace, da Bafulatanar Ladduga mai tafiya da ƙwarya, da matar soja a bariki wadda danginta ke nesa babu kakar da za ta bar wa yaro, kowacce yadda sa'o'inta ke tafiya dabam ne, maganin da zai sauƙaƙa wa wannan ba lalle ya taɓa waccan ba. Awon kansa kuma yana da dabara. Ba a tambayar mace ko tana aiki, don sau da yawa za ta ce a'a alhali hannunta na cikin ƙullu. Ana bin ta ne daki-daki daga farkawar jiya zuwa kwanciya, ana ɗaura lokutan da kiran salla ko ƙararrawar coci ko tashin 'yan makaranta in babu agogo, ana kuma tambayar me take yi a lokaci guda, domin mai tsagar citta da goyo aiki biyu take yi, takardar da ke da layi ɗaya kuwa ɗaya za ta kama. Dole a koma sau uku ko huɗu a shekara, da shuka da tsakiyar damina da kaka da bazara sa'ad da rijiyoyi ke ƙafewa, a kuma rubuta na 'yan mata da na tsofaffi dabam. Jami'ar jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan, akwai kwalejin ilimi a Gidan Waya, an kuma kafa jami'ar tarayya ta kimiyyar aikace-aikace a Kachia kanta a 2025. Ɗalibansu suna jin harsunan ƙauyukan nan, da yawansu kuma mata ne da za a bari su shiga har ƙuryar ɗaki su yi tambaya.